Yadda za ka kalli fim da cikakken hotonsa, kar tele ko waya ta yanke maka rabi

Duk wanda ya saba zama gidan kallo a Garwa ko Marwa, ko majalisar mai shayi da aka kafa wa plasma a jikin bango, ya san wannan rigimar. Ana saka fim baƙi ya fito sama da ƙasa, hoton ya tsaya a tsakiya, sai ka ji wani daga benci na baya ya ce "kai yaro, cika mana tele mana, ai kuɗi muka biya." Yaron ya ce "to Baffa", ya ɗau telekomand ya danna zum, hoto ya cika gilashi tam, kowa ya ce yauwa. To a wannan dannawar guda an zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fim ɗin ta dama da hagu, kuma babu wanda ya lura, don abin da ba ka gani ba ai ba za ka san ka rasa shi ba.

Maganar gaba ɗaya a kan awon faɗi da tsayi take. Kowane hoto yana da nasa, kowane allo ma yana da nasa, kuma ba kullum suke zuwa ɗaya ba. Tsohuwar tele mai doro 4:3 ce, wato in faɗinta taku huɗu ne tsayinta taku uku, kusan murabba'i kenan. Plasmar yanzu 16:9 ce, in ka raba 16 da 9 za ka samu 1.78. Finafinan sinima kuma yawanci ɗaya daga biyu ne, ko 1.85:1 wanda ya kusa yin daidai da plasma har baƙin ma da ƙyar ake ganinsa, ko 2.39:1, mai faɗin nan sosai, a jikin kwalin DVD sau da yawa za ka ga an rubuta 2.35:1 ko 2.40:1, duk dangi ɗaya ne. Shi wannan na biyun shi ne mai jawo faɗa a gidan kallo. A plasma mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsayi, irin wannan fim yana cin faɗin duka amma tsayinsa kusan 800 ne kawai, ragowar ce ke zama baƙi sama da ƙasa. Babu komai a ƙarƙashin baƙin nan wallahi, ba a rufe maka komai ba, wuri ne kawai da fim ɗin bai kai ba.

Da can duk finafinai kusan siffar tele mai doro suke, a 1932 masu sinima na Amurka suka tsayar da awon 1.37:1, ita tele ma daga nan ta kwaikwayi siffarta. Da tele ta shiga gidaje mutane suka rage zuwa sinima, sai kamfanoni suka ce bari mu ba su abin da akwatin gida ba zai iya ba. A 1953 kamfanin Fox ya fito da CinemaScope, da wani gilashin kyamara da asalinsa ƙirar wani Bafaranshe ne Henri Chrétien, gilashin yana matse hoto mai faɗi ya shiga cikin siririn fim, a sinima kuma wani gilashin ya sake buɗe shi. Indiya ta bi sahu daga 1959. Ita 16:9 daga baya injiniyoyi suka zaɓe ta a matsayin tsaka-tsaki, don tsohon hoto da mai faɗi duka su samu shiga ba tare da ɗaya ya sha wahala da yawa ba. Kenan dama ba a ƙera plasma don kowane fim ya cika ta ba.

Mu a nan matsalarmu ta ɗan fi ta wasu, don da yawanmu ba mu taɓa ganin fim a babban allo ba balle mu san yadda ya kamata ya kasance. Sinimomi uku da suka rage a Kamaru a lokacin, Abbia a Yawunde da Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, an rufe su a 2009, a Njamena kuwa sai 2011 aka sake buɗe sinimar Normandie bayan ta daɗe a rufe. Da kaset da sidi muka taso, su kuma yawancinsu an riga an yanke fim ɗin tun daga kamfani don ya cika tele mai doro. In an ɗauko fim mai faɗin 2.35 aka cusa shi a 4:3 ta hanyar yanka, sama da kashi 40 cikin ɗari na hoton ne ke tafiya. Wani ma'aikaci ne ke zama yana zaɓar ɓangaren da za a nuna, yanzu ya ja hoto dama, anjima ya ja hagu, motsin da darakta bai taɓa yi ba. Shi ya sa a tsofaffin kaset ɗin Indiya da na kaboyi za ka ga mutum biyu suna magana amma hanci biyu kawai kake gani a gefe da gefe, tsakiya kuma bango. Idonmu ya saba da haka har muka ɗauka cikar allo ita ce cikar fim.

Abin da ake rasawa ya wuce kwalliya. Darakta in ya zaɓi hoto mai faɗi, da faɗin yake ba da labari. Ya ajiye miji a can ƙarshen dama, mata a can ƙarshen hagu, tsakaninsu falo ne fayau babu kowa, kafin su buɗe baki ka riga ka gane gidan ba lafiya. Ka danna zum, sai ɗaya ya fita ko kuma su biyun su zama rabi-rabi, wannan nisan da shi ne maganar ya ɓace. Ko jarumi yana zaune yana shan ruwa hankali kwance, a gefen hoto can ƙofa tana buɗewa a hankali, kai mai kallo ka ga mugu shi bai gani ba, zuciyarka ta fara bugawa, to in an yanke gefen sai dai kawai ka ga an buge shi daga sama ka ce daga ina wannan ya fito. Rawar Indiya kuwa ba a magana, masu rawa jere reras daga wannan gefe zuwa wancan, an tsara su ne don faɗin, in ka cika allo saura 'yan tsakiya. Shi ma tsohon 4:3 da nasa amfanin, fuska tana cika shi, kuma mutum a tsaye yana fitowa daga hula har takalmi. Tsofaffin finafinan Hausa na zamanin kaset da sidi yawanci a haka aka ɗauke su, in ka zuma su don su cika plasma kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin ke tafiya, kawuna a gundule, rubutun fassarar da ke ƙasa ma ya tafi. Ni a ganina yanke fim don ya cika tele daidai yake da mutum ya datse hannun babbar riga don ta shiga jaka.

To yanzu ga yadda ake gyarawa. Kafin ka taɓa komai, nemi wani abu mai zagaye a cikin hoton, tayar moto, ƙwallo, faranti, agogon bango, farin wata. Ka tsayar da fim ɗin a nan ka duba da kyau. In tayar ta koma kamar ƙwai a kwance, an ja hoton ta gefe, shi ya sa kowa ya yi ƙiba ya gajarce. In ta koma ƙwai a tsaye, an matse shi, mutane sun yi tsawo sun rame. In zagayen na nan daidai to babu ja babu matsi, saura ka duba ko an yanke, nan kuma ka kalli rubutu, sunayen farko na fim ko tambarin tasha a kusurwa, in harafin farko ko na ƙarshe ya ɓata ka san an ci gefe.

A tele, duba telekomand ɗinka, yawanci akwai maɓalli da aka rubuta wa Format ko Aspect ko P.Size ko Zoom, in babu shiga menu wajen saitin hoto, a Faransanci za ka ga Format d'image ko makamancin haka. Zaɓuɓɓukan sunansu na bambanta daga kamfani zuwa kamfani amma aikinsu huɗu ne dai: wanda ke barin hoto yadda ya zo, wanda ke ja, wanda ke zumawa, da wani munafuki da ke barin tsakiya daidai ya ja gefe-gefe kawai, ana ce masa Panorama ko wani suna mai daɗi, shi ne za ka ga mota tana ƙara tsawo in ta kusa fita daga hoto. Kai dai wanda aka rubuta Original ko Auto ko Normal kake nema. In abin da kake kallo na zamani ne ta igiyar HDMI, 16:9 daidai ne, fim mai faɗi zai zo da baƙinsa a ciki. In tsohon sidi ne ko tashar da har yanzu take watsa 4:3, ka sa 4:3 da hannunka, baƙi zai fito dama da hagu, ka bar shi, hakan ne daidai.

Akwai wani ƙaramin yanka kuma da teloli da yawa ke yi ba tare da an sa su ba, gadon zamanin tele mai doro ne, suna ɗan zuma hoto kaɗan su cinye bakin gefe huɗu. A ƙwallo aka fi kama shi, ka ga akwatin da ke nuna ci da minti ya manne da kusurwa ko rabinsa ya fita. A LG sunan maganinsa Just Scan, a Samsung Screen Fit ko Fit to Screen, a Sony Full Pixel, wasu kuma kai tsaye za ka ga Overscan sai ka kashe shi. Hoton ma yakan ɗan ƙara tsafta bayan haka tunda kowane ɗigo ya zauna a gurbinsa.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne dikoda da na'urar DVD, don su ma da nasu saitin daban, mutum ya gyara tele ya gyara ya gaji abu ya ƙi, ashe ɓarnar daga akwatin take fitowa. Shiga menu na dikodar parabol ɗin ka nemi inda take tambayar wace irin tele gare ka. Da yawa an bar su a 4:3 tun lokacin da gidan ke da mai doro, aka sayo plasma aka jona kawai, dikoda tana yanke hoto don tsohuwar tele ita kuma sabuwar tana ja don ta cika kanta, ɓarna biyu a kan hoto ɗaya. Plasma gare ka, sa 16:9. In har yanzu mai doro ce, za ka ga zaɓi biyu, 4:3 Letterbox da 4:3 Pan Scan, wani lokaci LB da PS kawai ake rubutawa. LB ne mai kawo cikakken hoto da baƙi sama da ƙasa, PS mai yanka ne. Gaskiya a ƙaramar tele inci 14 fim mai faɗi yana zama siriri ƙwarai, ban ga laifin wanda ya ce idonsa ba zai iya ba, amma ya matso kusa ya fi masa. Kuma ka riƙa dubawa lokaci-lokaci, wasu ƙananan na'urori in wuta ta ɗauke ko yara sun yi wasa da telekomand sai su koma saitin da suka zo da shi.

Waya kuma labarinta daban ne, kuma a ita yawancinmu muke kallo yanzu. Wayoyin yanzu sun fi plasma tsawo, yawanci 20:9 ko kusa da haka, in ka kwantar da ita kusan 2.2 kenan. Abin daɗin shi ne fim ɗin sinima mai 2.39 ya kusa cika ta da kansa, ɗan baƙin da zai rage siriri ne. Amma shirin 16:9, irin su finafinan Hausa masu dogon zango da ake sawa a YouTube, zai bar baƙi dama da hagu, nan ne yatsa ke ƙaiƙayi, mutum ya buɗe yatsu biyu a kan allo hoto ya cika. Ka yi haka kashi ɗaya cikin biyar na tsayin ya tafi, saman kai da fassarar ƙasa su ne na farko. Tsohon fim mai 4:3 kuwa kashi 40 cikin ɗari zai tafi. A YouTube ka matse yatsun biyu ciki hoto ya koma asalinsa, ka kuma shiga saiti ka kashe wanda ke zumawa ya cika allo da kansa. A MX Player akwai ɗan akwati a kusurwar ƙasa, duk dannawa yana canzawa, ka tsaya a kan Fit to screen, ka guji Stretch da Crop. A VLC na waya Best fit ne. A kwamfuta VLC ya fi sauƙi, harafin A yana zagaya awon hoto, harafin C yana zagaya yanka, ka yi ta dannawa har kowanne ya dawo Default. Sau da yawa ma mutum gwiwar hannunsa ce ta taɓa ɗaya daga cikinsu bai sani ba.

Wani lokacin duk ka yi wannan abu bai gyaru ba, to fayil ɗin ne da kansa. Finafinan da ake tura mana a memori ko kile a kasuwa sun bi hannu da yawa kafin su iso, wani ya rage nauyi, wani ya ɗora muryar fassara, wani ya manna lambar shagonsa, a hanya wani ya yanke ko ya ja. In ja aka yi ko matsi, da sauƙi, ka tilasta masa awon da hannu, ka gwada 4:3, ka gwada 16:9, ka gwada 2.35:1, kana kallon tayar moton nan har ta zagaye. Wanda mutane suka fito dogaye sirara yawanci hoton da aka matse ne ba a buɗe ba, ƙara masa faɗi kawai yake so. In yanka aka yi kuwa sai haƙuri, babu maɓallin da zai dawo da abin da ba ya cikin fayil, sai dai ka koma wajen mai turin ka ce "malam, dan Allah duba min wani kofi mai baƙi sama da ƙasa", zai iya yi maka kallon mamaki don yawanci akasin haka ake roƙonsa. Kafin ka bar shagon ka buɗe ka duba sunayen farko.

In kana son tabbatarwa da lissafi, duba bayanan fayil ka raba faɗi da tsayi. 1920 da 1080 zai ba ka 1.78, 1280 da 536 zai ba ka 2.39, 640 da 480 zai ba ka 1.33. Sai dai wannan lissafin ba ya aiki a kan DVD mai 720 da 576 ko tsohon sidin bidiyo mai 352 da 288, su ɗigonsu ba murabba'i ba ne, na'ura ce ke miƙe su, shi ya sa in an kwafe su ba a kula ba suke fitowa a karkace. Asalin awon fim ɗin waje kuma ana samunsa a bayan kwalin DVD ko a shafin intanet na finafinai mai suna IMDb wajen bayanan fasaha.

Akwai wuri ɗaya da zum ya halatta, kar a ce na hana gaba ɗaya. In ka ga baƙi ya kewaye hoto ta ko'ina, sama da ƙasa da dama da hagu, fim ya zama ɗan akwati a tsakiya, to an ɗauko fim mai faɗi an saka shi cikin 4:3 da baƙinsa, sannan plasma ta ƙara nata a gefe. Nan ka zuma a hankali har hoton ya taɓa gefe biyu ka tsaya, baƙi kawai ka yanke. Amma duba fassara tukuna, in a cikin baƙin ƙasa aka rubuta ta to za ta tafi tare da shi.

Sai wani abu da ke rikita har waɗanda suka fara ganewa. Wasu finafinan an ɗauke su da hoto mai tsayi, aka rufe sama da ƙasa da gangan don sinima, sai daga baya a fitar da kofin da aka buɗe rufin don ya cika tele. Nan kam hoton ya fi yawa, ba a yanke gefe ba, amma ba shi darakta ya tsara ba, shi ya sa wani sa'in kake hango makirfo yana leƙowa daga sama ko fili mai yawa a kan mutane ba dalili. Don haka tambayar da za ka riƙa yi ita ce wace siffa masu fim suka nufa, ko da wani kofin ya fi shi yawan hoto. Haka kuma in kana kallo ka ga baƙin yana ƙaruwa yana raguwa a tsakiyar fim, kar ka tashi dukan tele, wasu manyan finafinan Amurka ana ɗaukar wasu wuraren da kyamarar IMAX mai hoto mai tsayi, sai hoton ya buɗe a wajen faɗa ko babban fili sannan ya koma.

In baƙin yana damun idonka, kashe fitila ko ka rage ta, a duhu yana narkewa da jikin tele ka manta da shi cikin 'yan mintuna. In yana fitowa toka-toka maimakon baƙi, hasken bayan allon ne ya yi yawa, rage shi a saitin hoto, a waya ma haka, kuma cajinka zai fi daɗewa. Masu gidan kallo da ke haska majigi a bango ko a farin yadi su ma su daidaita faɗin hoton da faɗin yadin, abin da ya rage sama da ƙasa a sa baƙin ƙyalle a rufe, kuma a ajiye majigin saitin tsakiyar yadin, in ya karkace gefe ɗaya na hoton zai fi ɗaya girma. Mai gida in 'yan kallo sun matsa sai an cika, ya tsayar da fim a wajen da mutum uku ko huɗu suke a jere, ya danna zum su ga na gefe ya ɓace, ya sake mayarwa ya dawo, sau biyu ya isa, sannan ya tambaye su wanne za a bari.